Rariyar Injin Aya

Ni na fara gani. Kada wani ya zo daga baya ya ce muku shi ne, don ranar nan ko zakaran Maigari bai gama gyaran murya ba ina tsaye bakin gonar ƙungiya. Ni Abba, da yunwa ta sha zuwa ta tarar da ni ta tafi ta bar ni, da rijiya ta rufta da ni a Hawandawaki aka tono ni ina tambayar ina gorona, ba a riga ni ganin abu a Tsamiyar Kwari. Ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, amma idona ya yi karatun da ya ishe shi.

Abin da na gani shi ne injin haƙar aya tsaye inda aka kwana da shi, cikinsa wayam.

Ga wanda bai san injin ba, bana ƙungiyar manoman garinmu ta kawo shi, tarakta ke jan sa. Da can haƙar aya aikin azaba ne: a ƙone ganye, a kafce ƙasa, mata su durƙusa da rariya suna tankaɗe rairayi har baya ya ƙage. Shi kuwa wannan yana da baki na ƙarfe da ke nutsewa ƙarƙashin ƙasa ya ɗebo ta, ya miƙa wa wata sarƙa mai sanduna kamar tsani. Sarƙar na hawa da ƙasa tana kakkaɓe ta, ta zuba kan rariya biyu masu rawa. Ta sama mai manyan idanu ce, tana tare saiwa da tsakuwa. Ta ƙasa mai ƙananan idanu ce, ita ke riƙe aya ta saki rairayi, daga nan aya ta gangara buhu tsaf kamar an wanke. To, ta ƙasan ce babu. In kuwa babu ita, duk abin da inji ya haƙo ƙasa yake komawa, ya zama jaki mai shan man gazuwal kawai.

Kafin rana ta yi zafi gari ya zubo gona. Gazali, mai tuƙa taraktan, mijin ɗiyata Najiba, ya iso da gudu, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya leƙa ƙarƙashin inji ya ɗora hannu a ka.

"Jiya da magariba lafiya na bar ta," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Ku dubi ƙasa mana!" in ji wani cikin samari. "Kofaton shanu ne ko'ina."

"Shanun Jaji ne. Nan suke bi zuwa rijiya."

"Ranar kasuwar Korgom da kunnena na ji ya ce sai ƙarfen nan ya wayi gari ba haƙori!"

Shi ke nan, magana ta kama kamar wuta a busasshen ganye. Jaji Bafillace ne da ke sauka gefen garinmu kowace kaka, tun zamanin ubansa, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Amma ranar nan an manta da taki, an manta da nonon da aka sha.

Maigari ya ɗaga hannu. "Kayan ƙungiya ne, ba nawa ba, ba zan iya rufe su da riga ba. In aka yi la'asar ba a ga rariya ba, zan kira jandarma daga Tasawa. Kafin nan, a kira mini Lamine."

* * *

Daga nan labarin na Lamine ne. Buzu ne tsarana, dogo siriri kamar kara, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun raƙuman da aka sace. Abin da ke ransa ranar nan duk na san shi, don ya zazzage mini shi kan shayi, kuma ni ba na mantuwa.

Da ya zo bai dubi inji ba. Ƙafafun mutane ya bi da kallo, ya girgiza kai. Kowa takalmin roba iri ɗaya, na kasuwar Korgom.

"Wannan takalmi ya kashe sana'ata," ya ce. "Da can ƙasa na kiran sunan mutum. Yanzu gari guda ƙafa guda."

Ya tsuguna, ya tona cikin wani sawun kofato da yatsa, ya ciro ƙusa biyu da ke riƙe rariyar. Saniya ce ta taka su suka nutse. Wato an riga an zare rariya kafin shanu su wuce. Ya sa ƙusoshin a aljihu bai ce uffan ba, don ya san wannan ba za ta wanke kowa a idon mutanen da suka riga suka yanke hukunci ba. Ya gyara rawani, ya nufi ruga.

Tun daga nesa ya hango ana shirin tashi. Maryamu matar Jaji na ɗaure ƙore cikin raga, an fara yaye tabarmin bukka, jakuna na tsaye. Jaji na zaune gindin aduwa, sandarsa kan gwiwa.

"Buzu, kai aka aiko ka kama ni?"

"Ni da ko akuya ba na iya kamawa? Gaisuwa na zo. Ina gajiya, ina shanu?"

"Shanu lafiya. Mai su ne ba lafiya."

Maryamu ta kawo nono a ƙwarya, ba ta ɗaga ido ba. Lamine ya kurɓa.

"An ce ka ce inji zai wayi gari ba haƙori."

"Na faɗa. Ƙararsa ta firgita mini saniya mai ciki, ta faɗa rami ta zubar. Baki ya faɗi abin da zuciya ta ɗauko. Amma mi zan yi da rariyar ƙarfe, Lamine? In tace nono?"

"To mi ya sa ake ɗaure kaya? Mai gudu ai shi ake bi."

Jaji ya dubi wani tudun ƙasa da aka kewaye da ƙaya a gindin aduwar.

"Ka san wanda ke kwance nan. Kowace shekara ina zuwa in gyara ma Baffa ƙayarsa. Amma ba zan tsaya a sa mini ƙarfe a hannu gaban 'ya'yana ba. Ana kiran la'asar zan kaɗa shanuna arewa, wajen Mayahi. Wanda kuwa ya tashi daga gari da sunan ɓarawo, ba ya sake shan ruwan garin."

"In na kira ka kafin la'asar, za ka zo?"

"In kai ne, zan zo. Amma kayana na kan jakuna."

* * *

A hanyar komowa Lamine ya tarar da mata cikin gonar da aka haƙe jiya, suna kala. Ku yaran birni, kala ita ce tsintar abin da ya rage bayan mai gona ya kwashe nasa, kuma halal ce ga duk wanda ya durƙusa. Shugabarsu Sa'a, wadda ta yi shekaru tana jan matan tankaɗe kafin inji ya karɓe musu aiki, ta hango shi ta miƙe tana dafe ƙugu.

"Ga mai shinshina ƙasa! Zo ka duba zanena, ko na ɗaure rariyar a haɓa."

"Sa'a, an ce kin yi wa inji baki."

"Na yi, kuma gobe ma in Allah ya kai mu zan yi. Abin da ya raba mu da tiyar da muke samu, albarka zan sa masa? Tun da aka kawo shi ko kaza ba ta samun kala a bayansa. Marowaci ne kamar kawunka."

Mata suka kwashe da dariya. Lamine ma ya dara, amma idonsa na kan ƙwaryarta. Ta cika da aya har tana zuba.

"Marowacin ne ya ba ki wannan?"

"A'a, jiya dai ya tuba. Je ka dubi kunyar ƙarshe, ta wajen kututturen gawo. Aya zube kamar an yi mana sadaka. Ban taɓa ganin ya bar ko ƙwara ba sai nan."

Lamine ya bi kunyar gonar har ƙarshe. Daga farko ƙasa fes, ba aya ko ɗaya. Daga kututturen gawo kuwa zuwa bakin gona, aya ce shimfiɗe cikin toka. Ya duba kututturen: an ɗaye masa kai, sabon rauni fari, da ɗan guntun waya a maƙale. Rariyar ƙasa kusa da ƙasa take rataye. Kututture ya kama ta ya yaga, aya ta dinga zubewa.

Ya zauna kan dugadugansa yana juya guntun wayar. Ashe ba lafiyayyar rariya aka ɗauka ba. To wa ke satar abin da ya yage? Ko dai wanda bai san ya yage ba, ko wanda bai son a san ya yage.

Ya bar wurin da shanu suka tattake, ya yi nisa, ya fara kewaya gonar a hankali kamar mai neman allura. Ta gefen ruga bai ga kome ba. Ta gefen gari, kan farin rairayi, sai ga tururuwa sun yi cincirindo kan wata ƙwarar aya mai baƙin toka. Gaba kaɗan ga wata. Gaba ga wata. Idon rariya kan riƙe ƙananan aya, kuma mai ɗauke da ita a ka yana tafiya tana zubar masa da su bai sani ba. Kusa da su ga sawun takalmin roba, dugadugai sun nutse saboda nauyi.

Sawun bai nufi ruga ba. Gari ya shiga, ta lungun maƙera. A nan awaki da masu zuwa rijiya suka cinye shi.

* * *

A lungun nan maƙerar Sufyan take. Shi ma surukina ne, mijin ɗiyata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta. Lamine ya yi sallama ya shiga, kuma abin da ya fara cin karo da shi a jingine da bango shi ne firam na ƙarfe, tsawo da faɗi daidai da rariyar da ta ɓace.

Sufyan ya ga inda idonsa ya tsaya, ya ajiye guduma.

"Kawu Lamine, kada ka dube ni haka. Nawa ne, ni na haɗa."

"Da wane awo?"

"Da igiya na auna, da rana tsaka, gaban kowa. Na ce abin da ke rawa dare da rana cikin rairayi wata rana zai ci kansa, kuma ko a Maradi ba a samun irinsa. Gara a yi masa ƙane tun da wuri."

"An ce ka roƙi a ba ka aron ta, aka hana."

Fuskar Sufyan ta canza. "Gazali ya hana. Gaban mutane ya ce hannun da ya saba da garma da lauje bai isa taɓa kayan Turai ba. Na ce masa to, ranar da za ka neme ni tana zuwa."

"Wasu za su ce ka gaggauto da ranar."

"Su faɗa. Ka bincike maƙerar, ka bincike ɗakin matata in ka so."

Lamine ya dubi ƙasan maƙerar. Gawayi ne da toka ko'ina, ba abin da za a karanta. Ya miƙa masa guntun wayar.

"In irin wannan ta yage, tana gyaruwa?"

Sufyan ya murza ta tsakanin yatsu. "Kafin tuwo ya nuna na ɗinke ta."

Lamine ya fito ransa ba daɗi. Rana ta karkata, an yi azahar. Yana da aya, yana da waya, yana da takalmin da rabin gari ke sawa, ba shi da mutum. Can arewa kuwa yana jin kukan jakunan Jaji. Ƙishirwa ta kama shi, ya ce bari ya biyo ta ƙofata ya sha ruwa, don lungun nan ta gaban gidana yake wucewa.

* * *

Ina zaune cikin zaure na ga ya taho, sai ya tsaya cik kamar wanda ya ga maciji. Ya tsuguna jikin katangata, inda awaki ba su bi.

Abin da ya gani ke nan. A kusurwar katanga, inda rairayin ƙofata ya fara, an jingina wani abu mai faɗi: ga layin toka a ƙasa, ga zanen ƙananan idanu ya fito a rairayi, ga aya biyu. Nan sawun takalmi mai nauyi ya tsaya. Daga nan sai sawun ƙafa tsirara, yana bin jikin bango a hankali, ya wuce bakin zaure, ya kai ɗaya kusurwar. Can kuma takalmi ya dawo, ya ci gaba.

Lamine ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Abba, ba ni ƙwarya."

"Ruwa za ka sha?"

"Wofi nake so."

Na ba shi. Ya zaɓi sawun da ya fi fitowa, ya kife ƙwaryar a kai. Ni dai tun da safe idona ya faɗa kan sawun nan, na bar shi in ga ko idon Buzu na nan da ransa.

Ya shigo ya zauna, ya ƙi dubana.

"Abba, mutum na ɗauke da kayan sata, gari na barci, ba mai ganin sa sai Allah. Ya iso ƙofar wani, ya sauke kaya, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya sake ɗaukar kaya, ya wuce a raɓe. Mi zai sa shi haka?"

"Sai in ƙofar surukinsa ce," na ce. Da na faɗa na ji maganar ta dawo ta doke ni a ƙirji.

A ƙasarmu wanda ya auri ɗiyarka ba ya taka ƙofarka da takalmi, ko kana nan ko ba ka nan. Ba tunani yake yi ba, ƙafar ce ta saba. Mutum biyu ne kaɗai a duniya ke yi mini haka.

Lamine ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, Jaji ya tafi ke nan, ƙaya ta watse daga kabarin ubansa. In ya yi magana, ya zubar da ruwa a zauren da ya fi shan shayi a cikinsa. Ya ce da ni, "Ƙafata na iya shafe sawun nan, in ce ban ga kome ba. Amma ba zan iya ba, Abba."

"Wa ya roƙe ka?" na ce. "Ni da rijiya ba ta binne ni ba, magana ce za ta binne ni? Ko ɗan cikina ne, tona."

Ya numfasa. "To sa a share mini rairayin nan daga tsakiyar lungu, a yayyafa ruwa. Kada a taɓa ƙwaryar."

* * *

Ya je ya roƙi Maigari a yi zaman a ƙofata maimakon fada, wai don ni ne babba a gari, wanda kuwa gaskiya ne. Aka shimfiɗa tabarmi. Ya aika aka kira Jaji, ya zo sandarsa a kafaɗa, ya tsaya nesa da kowa. Sa'a ta zo da matanta suka tsaya bayan katanga. Samari suka cika lungu suna harare-harare. Liman ya riga ya fara alwalar la'asar, Maigari kuwa salularsa na hannu.

Kowa ya zo da takalminsa har bakin tabarma kafin ya tuɓe. Mutum biyu ne suka tuɓe tun daga kusurwar katanga, suka tako jiƙaƙƙen rairayi ƙafa tsirara, kai a sunkuye: Sufyan ta hagu, Gazali ta dama. Suka durƙusa nesa da ni.

Lamine ya miƙe. "Maigari, Allah ya ba ka nasara. Shanun Jaji sun taka sawun mai rariya, ba su zo da shi ba." Ya ajiye ƙusoshin, ya faɗi inda ya tono su. "Sa'a ta yi wa inji baki, amma baki ba ya zare ƙusa."

"Da yana zarewa da tuni!" in ji Sa'a daga bayan katanga. Aka yi dariya.

Ya faɗi labarin tururuwa, da yadda sawu ya shigo lungun maƙera. Nan take idanu suka koma kan Sufyan. Wani ya ce, "Ai mun ga firam a maƙerarsa!" Sufyan ya buɗe baki, ya tuna gaban wa yake, ya rufe.

"Ku dakata," in ji Lamine. "Da safe kun rataya wa Jaji, yanzu kun sauke kun rataya wa maƙeri. Wuyan mutane ba maratayi ba ne."

Ya je ya ɗaga ƙwaryar. Ya bayyana musu abin da ya faru a ƙofar nan, yadda aka sauke kaya aka tuɓe takalmi. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai, don sun gane kafin ya gama.

"Takalmin roba ba shi da suna," ya ce, "amma ƙafa tana da shi. Ku dubi wannan ta hagu. Yatsu huɗu suka taɓa ƙasa. Ƙaramin ya hau kan ɗan'uwansa, ba ya sauka. Ga kuma sawu biyu sababbi a jiƙaƙƙen rairayi, yanzu aka taka su gabanku. Ni ba zan je in duba ba. Mai ƙafar ya fi ni sanin ta."

Sai na ga Gazali ya ja ƙafarsa ta hagu a hankali yana tura ta ƙarƙashin riga. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

"Tana cikin tsohon rumbuna," ya ce, goshinsa kusan a ƙasa. "Ban sayar ba, ban yi niyyar sayarwa ba. Magariba ta kawo jiki, na yi sauri in gama kunyar ƙarshe, na hau kututture. Na ji ƙarar yagewarta har cikin haƙorina. Na ce in gari ya waye za a ce mijin Najiba ya kashe kayan jama'a, kuma sai na kai ta wurin wanda na ce hannunsa bai isa ba. Na ce bari in ɓoye ta, in kai Tasawa a ɗinke a asirce, in mayar."

"Da aka kira sunan Jaji fa?" in ji Maigari. "Kana tsaye."

"Bakina ya yi nauyi, ranka ya daɗe. Ina ta cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa."

Lamine ya ce, "Kunyar gona ta fara tona shi, kunyar suruki ta ƙarasa."

Samarin da suka fi kowa ɗaga murya da safe suka fara neman a kira jandarma. Maigari ya sa salula cikin aljihu.

"Ƙarfe ya yage, maƙeri na nan. Abin da ya yage wanda maƙeri ba ya ɗinkewa, na Jaji ne. Jaji, kai ke da magana."

Jaji ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya tako har inda ƙwaryar take. Ya daɗe yana kallon sawun nan mai yatsu huɗu. A lokacin ladan ya ɗaga murya, kiran la'asar ya cika lungu, kowa na jiran abin da zai fito bakinsa. Sai da aka gama kiran ya yi magana.

"Mu Fulani kunya muke auna mutum da ita. Wanda ke ɗauke da abin da zai tona masa asiri, ba mai ganin sa, ya tsaya ya tuɓe takalmi don ƙofar suruki, da sauran mutum a cikinsa. Ba ni da shari'a da shi." Ya juya ya dubi Gazali. "Amma Maryamu tun hantsi take ɗaure kaya, hannunta ya gaji. Wanda ya sa aka ɗaure, shi zai kwance."

"Da su waɗancan masu kunnen jin maganar kasuwa," in ji Maigari, yana nuna samari da haɓa. "Kowa ya kafa bukka ɗaya."

Aka yi salla. Bayan salla gari ya ga abin da bai taɓa gani ba: Gazali mai tarakta, da tabarau a goshi, yana fama da igiyar jaki, Maryamu na tsaye kansa tana cewa, "Ba haka ba, ɗan nan, ƙwaryar za ka fasa mini!" Lamine na zaune gindin aduwa tare da Jaji, an ɗora shayi.

Washegari Gazali ya ɗauko rariyar a ka, da rana tsaka wannan karon, ya sauke ta a maƙera ya ce, "Yaya, ga ta." Sufyan bai tuna masa kome ba, ya dai sa shi zuga wuta har gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗinke ta yadda ko Lamine sai da ya laluba kafin ya gane wurin. Sa'a ta bi bayan inji kunya guda ba ta sami ko ƙwara ba, ta zo har maƙera ta ce wa Sufyan Allah ya isa. Shanun Jaji kuwa a gonata suka fara kwana bana, don ni na riga kowa roƙo.

Haka aka yi, a ƙofata aka yi, kuma ina zaune. Wanda ya ce ƙari na yi, hanyar Korgom ba a rufe take ba. Ya hau moto ya zo Tsamiyar Kwari, ya tuɓe takalmi ya taka rairayin ƙofata sau ɗaya tak, sannan ya je ya ɓuya duk inda ya ga dama tsakanin Tasawa da Mayahi. In Lamine bai kamo shi da kunne ya kawo mini ba, ni Abba, da gemuna da kome, zan ɗauki rariya in durƙusa cikin matan Sa'a. To, wa ke zuwa?